Jinin Dorina a Mashigin Tungar Kada

An ce wai a wani zamani da bai yi nisa ba, an yi wani Sarkin Ruwa a Tungar Kada, bakin babban kogi, ana kiransa Bawa Gajere. Tsoho ne mai ƙarancin magana, wanda ya san halin ruwa yadda uwa ta san kukan ɗanta. A tungar akwai wata matashiya mai suna Tabawa, tana goyon 'yarta Hajo, 'yar wata bakwai. Mijinta Arzika matuƙin kwale-kwale ne, kuma duk faɗin yankin babu wanda ya kai shi iya lallaɓawa kusa da dorina ba tare da filafili ya yi ƙara ba.

Ana cikin kaka, shinkafa ta fara nuna, sai ga motoci biyu sun tsaya a gindin gamjin bakin ruwa. Wani attajiri ne daga birni mai nisa, Alhaji Isyaku, wanda abokansa ke yi wa kirari da Kashe-Ɓauna. Ba don nama yake farauta ba. Kai yake nema, ya rataya a bangon falonsa. Ya riga ya rataya na ɓauna, da na zaki, da fatar wani kada da ya harbo a wata ƙasa, saura dorina. Ya zo da takardar hukuma, kuma abin da takardar ta ce a fili yake: dorina ɗaya tak, ko ta faɗi a gabansa, ko ta tsere da harsashinsa a jikinta, an ƙirga masa ita.

Ba kowace dorina yake so ba. Labari ya kai masa cewa a wannan kogi akwai wani tsohon toro da masunta ke kira Ƙasurgumi, mai haure kamu ɗaya da taƙi. Shi ya zo nema, aka kuwa haɗa shi da Arzika.

Tabawa ba ta so ba. Tana ɗaura wa mijinta guzuri tana cewa, "Baban Hajo, mutumin nan idonsa rawa yake yi. Na kai musu tuwo jiya, bai tambayi sunan kowa ba, amma sau biyar ya tambayi tsawon haure."

Arzika ya yi dariya. "Ke dai Tabawa, ko sauro ya tunkaro ni sai kin tare."

"Zan tare kuwa. Uba ɗaya yarinyar nan take da shi."

A rana ta uku, da hantsi, tana wanki a gaɓa, sai aka ji ƙarar bindiga daga wajen ciyawar tsallake. Tsuntsaye suka tashi gaba ɗaya. Mata suka miƙe tsaye da guɗa, yara suka ruga gida ɗauko kwanuka, don kowa ya san naman dorina guda yana isar tunga uku. Amma da kwale-kwalen ya iso, babu igiya a bayansa, babu komai. Alhaji ya diro fuska a murtuke. Arzika ya biyo shi riƙe da bindiga, kamar wanda aka tsamo daga rijiya.

Kafin kowa ya buɗe baki Alhaji ya ce, "Ku tambayi ɗanku. Na ba shi riƙon bindiga in sha ruwa, ya kama wasa da kunama, ta tashi. Ya sami wata ƙaramar dorina a cikin ciyawa, ta nutse da jini."

Arzika ya ce, "Alhaji, ka ji tsoron Allah. Na ce maka kada ka harba, ba mu ga jikinta ba."

"Ni zaka ƙaryata a gaban mutane?"

Guɗa ta mutu a bakin mata. Akwai wata doka a Tungar Kada da ake kira dokar jini, ko yaro ya san ta. Dorina mai rauni ba ta barin wurin da aka cuce ta, kuma duk jirgin da ya gitta sai ta kifar da shi. To wannan ciyawa a bakin mashigi take, inda mata ke hayewa kullum zuwa gonakin shinkafa da goyo a baya. Saboda haka kakanni suka ce duk wanda ya zubar da jinin dorina, shi zai shiga gaban jirgi ya bi ta, da makamin kansa, da matuƙi guda, har sai ɗayansu ya ga bayan ɗaya. Makamin Arzika kuwa zago ne, wato mashin nan mai igiya. Da can jirage goma ke taruwa kan dorina lafiyayya da zago. Mutum ɗaya a kan mai rauni, wannan ba farauta ba ce, jana'iza ce da ba a samun gawa.

Sarkin Ruwa ya saurari kowa. Su biyu ne a jirgin, babu na uku. Ɗaya baƙo ne mai takardar hukuma, ɗaya ɗan gida ne da bai taɓa yi masa ƙarya ba. Idan ya gaskata ɗan gida ba shaida, za a ce tunga ta haɗa baki ta zalunci baƙo. Idan ya gaskata baƙo, ya tura Arzika ga mutuwa. Sai ya ce, "An rufe mashigi. Gobe bayan Azahar a taru a nan."

Tabawa ba ta yi kuka ba, don ba ta ga abin da kuka zai gyara ba. Ta tambayi mijinta abu ɗaya: "Me kuka gani kafin ya harba?"

"Kunne kawai, da motsin ciyawa. Ɗan guntun kunne. Da ya ga ƙanƙantarsa bayan ya harba, sai ya dafe kai ya ce ya ɓata takardarsa a kan jaririya. Daga nan ya miƙo mini bindigar."

Washegari da sassafe ta goya Hajo, ta bi gaɓa da ƙafa zuwa fadamar da ke wannan ɓangaren. Ta san dorina komai ciwonta sai ta fito kiwo, kuma matan da ke gadin shinkafa sun san sawun kowace dorina a kogin nan, don su ne ke kwana da takaicin ɓarnarta. Ba ta yi nisa ba ta tarar da shinkafa a kwance, an tattake ta kamar an ja turmi a kai. Ga jini a jikin ganye, ya bushe, daidai ƙirjinta. Ga kuma sawu a cikin laka.

Ta tsuguna. Ta duba sosai. Sawun ya fi faifai faɗi, kuma yatsa ɗaya na waje a karkace yake. Sawun da ya cinye mata rabin gona bara. Ƙasurgumi ne.

Ta kwance majanyi, ta riƙe Hajo da hannu ɗaya, ta shimfiɗa shi a kan sawun, ta ƙulla daidai inda ya tsaya. Ta mayar da yarinyar baya da zane kawai, ta kama hanya tana haɗawa da gudu.

Ta sami Sarkin Ruwa a zaure yana gyaran komarsa ta kamun kifi. Ta durƙusa. "Allah ya ja zamanin Sarki. Baba, ba jaririya aka harba ba."

Ta shimfiɗa majanyin, ta faɗi abin da ta gani da abin da mijinta ya gaya mata. Tsohon ya daɗe yana kallon ƙullin.

"Guntun kunne," ya ce a hankali. "Ai tun ina da ƙarfina wani toro ya cinye masa rabin kunnen hagu. Baƙonmu ya auna dorina da kunne. Wa kika gaya wa, 'yata?"

"Babu kowa. Ko Baban Hajo."

"To, ki ƙara riƙewa. Amma ki sani, sawu ya gaya mana wanda aka harba, bai gaya mana wanda ya harba ba."

Tabawa ta ɗago kai. "Baba, ni ban san shari'a ba. Na dai san idan yaro ya ɓoye abu a hannu ya ce babu, ba a murɗe masa hannu. Abin da ya fi so ake nuna masa, sai ya buɗe da kansa."

Sarkin Ruwa ya ajiye koma. Ta ga gemunsa ya motsa.

Bayan Azahar gindin gamji ya cika maƙil, har da mutanen tungayen maƙwabta. Aka kawo wa Alhaji kujera, ya zauna ya ɗora ƙafa ɗaya kan ɗaya. Arzika na tsaye, zagonsa a jingine da itace. Tabawa na cikin mata, majanyi a dunƙule a hannunta.

Sarkin Ruwa ya ce, "Alhaji, kai baƙonmu ne, kuma babba ne. Ina tambayarka a gaban jama'a: hannunka ya taɓa kunamar bindigar nan jiya?"

"Bai taɓa ba."

"Ba ka da rabo a jinin dorinar nan, ba ka da rabo a namanta?"

"Ko kaɗan. Tawa tana nan gaba."

"Jama'a kun ji?"

Aka amsa, "Mun ji."

"To, na karɓi maganar baƙo. Jini na Arzika ne. Gobe da hantsi zai shiga gaban jirgi."

Wata tsohuwa ta saki salati. Arzika ya dubi matarsa; ita kuwa ta kafa wa Sarki ido, tana jin Hajo na motsi a bayanta.

Tsohon ya ci gaba, muryarsa ba ta sauya ba. "Dokar jini ba rabi ba ce. Wanda aka ɗora wa wuyarta, shi ake ba daɗinta. Dorina ta Arzika ce, daga kai har wutsiya. Kuma ya kamata mutum ya san abin da zai tunkara. Tabawa, kawo abin da kika auno."

Ta fito tsakiyar fili, ta shimfiɗa majanyin a ƙasa, ta ja shi har ƙullin. Ta ce da ƙarfi yadda na baya za su ji, "Faɗin sawun ke nan. Yatsan waje a karkace. Ga jini a ganyen shinkafa daidai nan." Ta nuna ƙirjinta.

Fili ya ruɗe. "Ƙasurgumi ne." "Wallahi shi ne, mai guntun kunne." Tsofaffi suka matso suna leƙen majanyin, wani yana auna haure da hannunsa daga gwiwar hannu har ya wuce yatsu, yana nuna wa na kusa da shi.

Tabawa ba ta kalli kowa ba sai Alhaji. Ta ga ƙafar da ya ɗora ta sauko. Ta ga ya cire hula ya mayar.

"Guntun kunne?" in ji shi.

"Rabi ne, Alhaji," in ji Sarkin Ruwa. "Ko cikakken kunnen dorina ai bai wuce tafin hannun yaro ba."

Alhaji ya gyara murya. "To, Sarki, idan Allah ya ba yaron nan sa'a, ni zan karɓi kan. Duk abin da yake so zan ba shi."

"Ayya. Kan dorinar da aka bi don jini ba a sayar da shi, ba a kyautar da shi ga wanda ba shi da hannu a ciki. Idan ɗan tunga ne ya bi ta, ƙoƙon kai ruwa ake mayarwa. Haure kuwa zarto ake sa masa, a yanka gunduwa-gunduwa, kowane mai jirgi ya sami ƙotar wuƙa. Haka muka tarar." Ya waiwaya. "Ina masassaƙi? A wasa zarto tun yau. Haure irin wannan zai yi ƙota ashirin."

"Ashirin da biyu, ranka ya daɗe," in ji masassaƙin daga cikin taro, "in an yanka sirara."

Kujera ta kife. Alhaji na tsaye, jijiyar wuyansa ta fito.

"Zarto? A haure kamu ɗaya da taƙi? Kun san shekara nawa nake neman irinsa? Dorinar da na harba da hannuna za ku yi wa ƙotar wuƙa?"

Wurin ya yi tsit, har ana jin ruwa na dukan jiragen da ke ɗaure. Alhaji ya tsaya baki buɗe, kamar mai son ya kamo maganar ya mayar.

Tsohuwar nan mai salati ta ce, "Ashe bindigar ta tuna mai ita."

Dariya ta ɓarke, har da masu riƙe ciki. Tabawa kuwa ta zauna daɓas a kan majanyin.

Sarkin Ruwa ya ɗaga hannu aka yi shiru. "Jama'a kun ji?"

"Mun ji."

"Alhaji, ban kama ka ba, ban rantsar da kai ba. Sau biyu ka yi magana a wurin nan, kuma ta biyun ce ta fito daga cikinka. Ita na karɓa. Dorina taka ce: kanta naka ne, haurenta naka ne, babu mai sa masa zarto. Jininta ma naka ne. Gobe da hantsi kai ne a gaban jirgi. Ba mu hana baƙo abin da ya zo nema, amma ba mu yarda ya tafi da suna ya bar mana gawa ba."

Alhaji ya dubi jama'a. "Wa zai tuƙa ni?"

Arzika ya motsa. Tabawa ta san halin mijinta. Kafin ya ɗaga ƙafa ta biyu ta riga ta tashi ta cafke gefen rigarsa da hannu biyu.

"Ina za ka?"

"Tabawa, mutane na kallo."

"Su kalla."

Sarkin Ruwa ya ce, "Sake shi, 'yata, ba inda za shi. Arzika, an sa ka a bakin kabari sau ɗaya a makon nan, ya isa. Ni na yanke hukunci, ni zan riƙe filafili. Ban yanke wa mutum abin da ba zan zauna a cikinsa ba."

Washegari da hantsi gaɓa ta cika fiye da jiya. Tabawa ta hau kan wani jirgi da aka kife, Hajo a baya, hannunta ɗaya riƙe da hannun mijinta, don ba ta gama yarda da shi ba. Kwale-kwalen ya rabu da gaɓa. Alhaji na gaba a durƙushe, bindiga a kafaɗa, bakinsa na motsi da addu'a. Tsoho na baya, filafilinsa na shiga ruwa yana fita ba ko ɗigo.

Suka kai tsakiya. Suka doshi ciyawa. Babu komai sai kumfa.

"Ga shi can," in ji Arzika a hankali, hannunsa ya matse nata. "Hagu. Baba ya gani."

Ruwa ya tsage. Wani baƙin tudu ya taso, ya buɗe baki har ana hango jan cikinsa daga gaɓa, haure biyu na ƙyalli kamar lauje. Ya yi wani gurnani da Tabawa ta ji shi a cikin haƙarƙarinta, ya nufo jirgin yana ture ruwa gaba kamar ambaliya. Bindiga ta tashi. Ruwa ya fantsama can gefe. Alhaji ya kuskure.

Mata suka sa kururuwa. Tsohon ya danna filafili sau ɗaya, jirgin ya juya kamar ganye, Ƙasurgumi ya wuce ta inda suke yanzun nan, haurensa ya ɓantare gefen katako. Ya nutse.

Muryar Sarki ta taho a kan ruwa, a natse kamar yana zaure. "Zauna sosai, Alhaji. Zai dawo ta dama. Kada ka kalli haure. Tsakanin ido da kunne."

Ya kuwa dawo ta dama, kusa ƙwarai, har Tabawa ta rufe ido ta buɗe. Ta ga Alhaji ya gyara zama. Ta ga ya jira, ya jira, har kan ya cika gabansa. Ƙara ta biyu ta tashi.

Tudun ya tsaya cak, ya karkata, ya nutse a hankali. Kumfa ta taso, ta lafa.

Gaɓa ta ɗauki sowa. Makaɗa suka saki ganga, samari suka faɗa jirage da igiyoyi, don sai bayan sa'o'i gawar za ta taso. Tabawa ta saki hannun mijinta, ta ga shatin farcenta a fatarsa.

Da la'asar aka jawo Ƙasurgumi da igiya shida. Aka raba nama tunga uku, aka ɗora kan a motar Alhaji. Kafin ya tafi ya zo ƙofar gidan Arzika da ƙafa, ba rakiya, ya tsaya riƙe da hularsa.

"Arzika, na zalunce ka. Jiya ban san bakin abin da na tura ka ba. Yau na gan shi da idona. Ka yafe mini."

"Ba komai, Alhaji," in ji Arzika da sauri.

Tabawa ta leƙo daga bayan zana, Hajo a kafaɗa. "Akwai komai, Alhaji. Da yarinyar nan ta tashi ba ta san fuskar ubanta ba. Amma tunda ya yafe, ni ma zan yi ƙoƙari."

Alhaji ya sunkuyar da kai, ya ce ta yi gaskiya.

Washegari aka buɗe mashigi. Jirgin farko mata ne da goyo da lauje, Arzika ne a baya da filafili, suka haye lafiya suka shiga yankan shinkafa.

Masu hankali suka ce: duk wanda yake son a kira sunansa ranar da aka rataya kan dabba a bango, to ya fara amsa sunan tun ranar da dabbar take da rai.